Kafin Mu Sauya Ejan: Jawabi ga Malamai da Iyalansu

Ya Shugaban reshe, iyayenmu da suka yi ritaya, 'yan'uwa malamai maza da mata.

Da yawa daga cikinmu, daga Kawo har Unguwar Rimi, mun ci bashi ko mun sayar da fili domin 'ya'yanmu su yi karatu a Birtaniya. Galibi mukan danƙa neman biza a hannun ejan. Idan ya fara jan ƙafa ko ya ƙara kuɗi, sai mu koma wurin wani. Muna da wannan haƙƙi, domin neman na ɗalibi ne, ejan ɗan aike ne kawai. Amma in ba a bi a hankali ba, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Na farko, kafin mu yi sallama da ejan, mu karɓi fasfo da takardun jarrabawa na asali da rasit ɗin duk abin da muka biya. Imel da lambar sirrin da aka nemi gurbin karatu da su su dawo hannun ɗalibi, ya sauya lambar a ranar, domin wanda ke riƙe da imel shi jami'a ke yi wa magana.

Na biyu, ɗalibi da kansa ya rubuta wa jami'a cewa ya sauke wane, ya naɗa wane, ya jira amsarta.

Na uku, mu lura da lokaci. Takardar CAS, wadda jami'a ke bayarwa domin neman biza, wata 6 take aiki. Haka ma takardar gwajin tarin fuka da ake karɓowa a Abuja. Kuɗin da ake nunawa a banki kuma dole su kwana 28 a jere. Idan muka taɓa su domin biyan sabon ejan har suka gaza adadin da ake buƙata, lissafi ya koma farko.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, mu karanta duk abin da tsohon ejan ya shigar da sunan yaro. Takardar banki ta bogi na iya jawo haramcin shiga Birtaniya na shekara 10, kuma a kan ɗalibi hukuncin ke faɗawa. Sabon ejan ba zai goge abin da aka riga aka miƙa ba.

Kullum muna ce wa ɗalibanmu su karanta tambaya kafin su amsa. Mu ma kada mu bari 'ya'yanmu su sa hannu a kan abin da ba su karanta ba.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa guminmu kada ya tafi a banza. Wassalamu alaikum.