Giyar Hannu ga Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi



Duk wanda ya ƙara wa injin motarsa ƙarfi da na'urar cusa iska, alhali ya bar mata akwatin giyar da kamfani ya auna gwargwadon ƙarfinta na asali, lalle ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Domin a haƙiƙa abin da ke kakkarya haƙoran giya shi ne ƙarfin murɗawar injin, musamman sa'ad da direba ya saki kuloci farat ɗaya, tayoyi kuma suka kama kwalta.

Saboda haka ne ma'abota wannan fanni a Amurka suka karkata ga Tremec T56 Magnum mai giya shida, wadda maƙeranta suka ƙayyade juriyarta ga ƙarfin murɗawa a wajen Nm 950. Masu Toyota Supra suna alfahari da Getrag V160. Wanda kuwa aljihunsa bai kai ba yakan nemi CD009 ta Nissan 350Z.

Sharaɗin dai shi ne a zaɓi wadda juriyarta ta zarce ƙarfin injin da rata mai yawa, a haɗa ta da kulocin da ya dace da ita, sa'an nan a kiyaye canjin man giya a kan kari.