Darasin Da Muka Guje Wa

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da aka ce in yi jawabi a kan zaɓen sana'a, sai na tuna yadda muke sulalewa ta taga idan lokacin darasin Fiziks ya yi. Ni ne kan gaba, malam yana nan, shaida ne. Ban san abin da na guje wa ba sai da ciwon daji ya kama gwaggona, muka yi ta jiran layin gashi, injin yau yana aiki, gobe ya tsaya. Allah Ya jiƙanta. A zaman jinyar nan ne na karanta labarin wani likita, James Slater, mutumin Amurka.

Slater ya fara karanta Fiziks, sannan ya shiga likitanci ya kammala a 1963, ya ƙware a gashin ciwon daji. Abin da ya dame shi shi ne, hasken da ake gashi da shi yakan ratsa jiki ya wuce, ya ƙona ciwo, ya ƙona lafiyayyen nama. Amma tun 1946 wani masani, Robert Wilson, ya nuna cewa ƙwayar furoton, wadda muka haddace a aji uku, takan sauke yawancin ƙarfinta a daidai inda aka auna, ta tsaya nan. Wannan babban rufin asiri ne ga yara ƙanana, da masu ciwo kusa da ƙwaƙwalwa ko ido.

An fara gwada ta a kan marasa lafiya a 1954, amma a ɗakunan binciken masana kaɗai. Slater ya dage sai an kawo ta asibiti. Ya yi kusan shekara 20 yana fama, har aka buɗe cibiyar farko ta cikin asibiti a Amurka, a Loma Linda, Jihar Kalifoniya, a 1990. Ya rasu a 2018. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

'Yan'uwa, Nijeriya ba ta da irin wannan injin, kuma ko an saya, sai da likitan da zai riƙe shi. A ina zai fito in ba daga aji irin namu ba? Na leƙa ɗakin kimiyyarmu da safe, na ga rufinsa yana yoyo. Ina roƙon ƙungiya ta sa gyaransa a gaba bana, ni ma zan fara da abin da albashi ya sawwaƙe.

Malam, a gafarce mu.