Tarukan Python: mu je, mu yi magana, mu dawo da abin hannu

An ba ni minti kaɗan in yi magana kan tarukan masu rubuta manhaja, musamman masu aiki da yaren Python, da dalilin da ya sa nike ganin bai kamata a ci gaba da yin su babu mu ba.

Python yare ne da ake ba kwamfuta umurni da shi. Wani ɗan Holan, Guido van Rossum, shi ya fito da shi a 1991, kuma kyauta ne. Masu aiki da shi suna haɗuwa a taron da ake kira PyCon, wanda ƴan sa-kai ke shiryawa, ƙasa-ƙasa ko yanki-yanki. A Afirka, Namibiya ta fara nata a 2015. Na nahiyar baki ɗaya, PyCon Africa, an fara shi a Akara ta Gana a watan Agusta 2019, ƙarƙashin jagorancin Marlene Mhangami ƴar Zimbabuwe, kuma sama da mutum 300 sunka zo. A 2020 annobar korona ta sa an yi shi ta intanet. Ya sake komawa Akara a 2024, sannan Johannasbag a 2025. Masu aiki da Django kuma sun yi nasu a Zanzibar a 2023.

To mi ake yi can? Da farko akwai ranar koyarwa, kowa da kwamfuta tasa gaban malami. Nan ne ƙungiyar Django Girls ke zaunar da mata waɗanda ba su taɓa rubuta layi guda ba, su gina shafin intanet cikin wuni ɗaya. Sai ranakun jawabai. Akwai kuma gajeren jawabi na minti 5, wanda duk mai so kan rubuta sunansa ya hau. A ƙarshe sai abin da ni nike kira gayya: a zauna rukuni-rukuni ana gyaran manhajar da duniya ke amfani da ita, gwani kusa da ɗan koyo. Na halarci irin wannan zama, kuma abin da na fi ƙaruwa da shi hira ce a bakin ƙofa da wajen cin abinci. Nan ake jin wa ke neman ma'aikaci, wa ke iya duba maka aikinka.

Na san abubuwan da ke tare mu. Na farko harshe. Mu da Faransanci munka yi lakkwal, tarukan nan kuwa da Ingilishi ake yin mafi yawansu. Amma kalmomin Python ɗin kansu na Ingilishi ne, kun riga kun saba da su, kuma mutanen wurin suna da haƙuri da mai magana a hankali. A Akara ma, in ka shiga Nima, da Hausa za ka sayi abincinka.

Na biyu kuɗi. Mafi yawan tarukan nan suna da tallafin tikiti, masauki ko kuɗin hanya, sai dai ana rufe karɓar buƙata watanni kafin taro. Wanda ya ji labari saura sati biyu ya makara. Haka ma takardar neman yin jawabi. Na ukku takardu: fasfo da katin rigakafin shawara. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025, ku tambayi sharuɗɗan shiga ƙasar kafin ku yanki tikiti.

Wani zai ce, mi gare ni da zan faɗa ma waɗannan gwanaye? Ga misali guda. Ka ba Python jerin sunaye ka ce ya jera su bisa harufa, sai ka ga Ɗanladi ya faɗo bayan Zainabu. Dalili, kwamfuta lamba take dubawa: Z lambarta 90, Ɗ kuwa 394. Haka Ɓ da Ƙ. Ƙari ga wannan, mu nan muna rubuta ƴ, maƙwabtanmu na Najeriya suna rubuta 'y, sai mai nema ya rasa kalmar da ke gabansa. Ku duba abin da wannan ke iya yi ma rajistar asibiti ko jerin ɗalibai. Mutumin Nairobi ba zai tayar da wannan zance ba, don bai taɓa cin karo da shi ba. In ɗayanku ya tsaya minti 5 ya nuna matsalar da hanyar da ya bi ya gyara ta, ya kawo abin da zauren bai sani ba.

Saboda haka ina roƙon abu ukku. Ɗaya, mu fara daga gida. Muna da jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Aji guda, kuran, da mutum 15 sun isa zaman wata-wata, da Hausa da Faransanci. Biyu, a samu mutum guda mai bin ranakun rufe neman tallafi yana sanar da saura, kuma in za a tura mutum biyu, ɗaya ta zama mace, a je a yi ma iyayenta bayani da mutunci tun da wuri. Ukku, duk wanda ya tafi da sunanmu, ya dawo ya zaunar da mu cikin wata guda ya koyar da abin da ya gano. Hoto da riga mai tambari ba su ne tsaraba ba.

Wanda ke son shiga zaman farko, takarda na nan bakin ƙofa, ya rubuta sunansa da garinsu.