Kafin A Kama Hanyar Azare: Jawabi Kan Bel Da Yoyon Baƙin Mai

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, tsohon bakanike mai gareji a Azare, ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, sa'ad da ya zo Ikko sarin kayan gyara. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai 'yan gyare-gyare kaɗan.)

 

An ce in yi magana a kan tsohuwar mota, tunda lokacin zuwa ganin gida ya matso, kuma yawancinku da motocinku za ku tafi, ga iyali ga kaya. To, mota tana da sassa da yawa, amma ni guda biyu kawai zan ɗauka, wato belin taimin da yoyon baƙin mai. Dalili kuwa, su ne suka fi kawo mana motocin 'yan kudu a jaye da igiya, kuma su biyun nan ciwo ɗaya ne, aiki ɗaya ake yi musu.

Ku dubi hanyar da ke gabanku. Daga nan sai Badun, Ilori, Jaba, Kaduna, Zariya, Kano, kana Wudil, Shuwarin, Jama'are, kafin ka ga Azare. Ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Tun da aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, duk inda kwalta ta yi kyau direba taka mota yake yi son ransa, ga gajiya, ga ɗokin gida. Injin da ya saba da rarrafe cikin cunkoson Agege sai ya wuni yana gudu cikin rana. Duk wani rauni da ya ɓoye, a nan yake fitowa.

Mene Ne Aikin Wannan Bel?

Mu da muka koyi aiki a kan Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sarƙa muka sani. Sarƙa tana cikin inji tana wanka da mai, in ta tsufa kuma sai ta yi ta ƙara tana ba ka labari. Motocin Kwatano da suka biyo baya, da yawansu bel ne na roba mai haƙora. Shi ba ya shan mai, ba ya kuma yin sallama in zai tafi.

Kada a haɗa shi da fanbel da kake gani in ka ɗaga bonet. Shi wannan a rufe yake cikin murfi, a gefen inji. Aikinsa ya haɗa karanshaf na ƙasa, mai tura fistin, da kamshaf na sama, mai buɗe bawul da rufe su. Na ƙasa ya juya sau 2, na sama ya juya sau 1, ba ƙari ba ragi. Haƙori ɗaya in ya tsallake, mota ta rasa ƙarfi, ta kama shan fetur. In kuwa ya tsinke, inji ya mutu nan take.

To, a nan ne motoci suka rabu gida biyu. Toyota Camry mai injin 2.2, ta 1992 zuwa 2001, in belinta ya tsinke, fistin ba ya kaiwa ga bawul, ka sa sabo ka ci gaba da tafiya. Amma Honda Accord ta 1990 zuwa 2002, da Fijo 406, fistin zai tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Kuɗin bel ya koma kuɗin gyaran inji, ga kwanan daji da mata da yara. Camry ta 2002 zuwa sama mai silinda 4, da Accord ta 2003 zuwa sama mai silinda 4, su sarƙa gare su. Saboda haka kowa ya fara sanin abin da ke cikin motarsa tukuna.

Yaushe ake canzawa? Ga Camry da Accord da na ambata, littafin masu ƙera su yana kiran tsakanin mil 60,000 zuwa 105,000, gwargwadon mota da shekararta. Kamfanin Honda ma ya ce wanda ke yawan tuƙi a zafin da ya haura digiri 43, ya canza a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. Wanda ya san bazarar ƙasar Guddiri, watan Afrilu da Mayu, ya san ba mu da nisa da wannan awon. Sa'an nan agogon motar da ta fito daga Amurka mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba, kuma kun san akan taɓa agogon nan kafin mota ta iso hannunka. Shawarata, in ka sayi tsohuwar mota ba ka san ranar da aka canza belinta ba, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Inda Mai Ya Shigo Cikin Magana

Bayan kowane fuli da bel ɗin nan ke hawa akwai sil, wato zoben roba mai tare mai kada ya fito. Akwai na kamshaf, akwai na karanshaf. A Camry 2.2 har famfon mai bel ɗin ne ke juya shi, kuma yana da nasa sil da wata siririyar roba a bayansa, wadda in ta tsufa takan bushe ta yi tauri kamar kara. A Accord kuwa akwai ƙaramin bel na biyu mai juya sandar da ke hana inji jijjiga, shi ma da nasa sil, wanda a wasu na shekarun 1990 yakan fice gaba ɗaya mai ya tsiyaye cikin 'yan mintoci.

In ɗayan waɗannan ya fara yoyo, ina man zai sauka? A kan bel. Baƙin mai kuwa maƙiyin wannan roba ne, yana sa ta kumbura ta yi laushi, haƙoran su fara zubewa. Ƙara da ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauyukanmu na wajen Zaki da Gamawa, sai su haɗu da man su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wannan shi ya sa mutumin da ke cewa, ai ɗan ɗigo ne, ina ƙara lita ɗaya duk mako, yake ba ni tsoro. Yana lissafin kuɗin mai, bai san bel ɗinsa ake ci ba. Haka nan wanda ya sa sabon bel ya bar tsohon sil, ya yi wanka ne ya koma cikin taɓo.

Yadda Za Ka Gano Inda Yoyon Yake

Wannan kowa zai iya a ƙofar gidansa. Da dare ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota, da safe ka duba. Baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, yawanci man giya ne na mota mai canza giya da kanta, ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai kama da ruwa, na lagireto ne.

In na inji ne, ka bari ya huce, ka wanke shi da kananzir da burushi, ka kiyaye wayoyi, ka bari ya bushe sarai. Ka yi 'yar tafiya ka dawo ka haska da tocila. Ka tuna mai daga sama yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya, don haka wuri mafi tsawo da ka ga danshi, nan ne asalin ciwon. Ka fara da gasket na murfin bawul, ka zare wayar fulogi ka ga ko mai ya taru a ramin. Ka duba bakin filta, da 'yar na'urar da ke kunna jar fitilar mai, da notin juye mai da wasarsa. In man daga gindin murfin taimin yake fitowa, to maganarmu ce ta zo. In kuwa daga mahaɗar inji da giya ne, wannan sil na baya ne, sai an sauke giya, ba aikin gida ba ne, a kai gareji.

Akwai wani ɗan bawul na numfashi a saman murfin inji, mai fitar da hayaƙin ciki. In ya toshe, iska takan matsu ta turo mai ta kowane sil, ko da sabo ne. Kuɗinsa kaɗan, amma ba a cika tunawa da shi ba. Cika mai ya wuce alamar geji shi ma haka yake yi.

Aikin Kansa

Wanda ya iya riƙe sifana, yana da haƙuri da wuni guda, zai iya yi da kansa, musamman a Camry da ba ta da saurin fushi. Zan bi da ita a matsayin misali.

Ka sayi kaya gaba ɗaya kafin ka kwance ko noti ɗaya: bel, fulin da ke ɗame shi da sifirin ɗinsa, ɗaya fulin, famfon ruwa, sil-sil duka, da gasket. Boris ɗin fuli in ya ci, shi ma tsinke bel yake yi. Ko a Ladipo ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, jabu yana nan, kwalinsa ma ya fi na gaske sheƙi. Ka je wurin wanda ka sani, kuma kada ka yarda a sayar maka da bel na hannu. Ka ƙirga haƙoran sabo da na tsoho, ka gwada faɗinsu. Kada ka karya shi biyu don gwada ƙwari, akwai zare a ciki da ke karyewa ido bai gani ba.

Ka cire kan batir. Ka ɗaga mota ka ɗora ta a kan abin tokare na ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Ranka ya daɗe, a nan zan roƙi kowa: kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a dogara da bulo, yana fashewa. Ka cire tayar gaba ta dama, da fanbel, ka tallafi inji da jak da katako, sa'an nan ka kwance ƙafar inji ta wannan gefen da murfin sama.

Ka zare fulogai domin inji ya yi sauƙin juyawa. Ka juya karanshaf da hannu har tsagar fulinsa ta zo daidai da sifiri, ramin fulin kamshaf kuma ya yi ido da alamar da ke bayansa. Ka ƙara taka alamar da fenti, ka ɗauki hoto da wayarka.

Babban notin karanshaf shi ne mai gardama. Sai an riƙe fuli da abin riƙonsa, a sa doguwar sifana. Wasu sukan tokare sifana su buga sitata. Ban ba ku wannan shawara ba, balle a Accord ɗin nan da injinta ke juyawa hagu, ƙara ɗaure shi za ka yi. Fulin kuma da abin zaro shi ake zaro shi, ba da guduma ba.

Ka sassauta fulin ɗamewa, ka zare bel. Daga nan kada ka juya komai babu dalili. Ka ciro tsofaffin sil a hankali, kada sukundireba ta karci jikin sandar, don karce ɗaya yoyo ne na har abada. Ka shafa wa leɓen sabon sil mai, ka tura shi daidai da bakin soket mai faɗinsa. Ka canza famfon ruwa. Gam kuma a shafa kaɗan, inda littafi ya ce kawai. Wanda ake lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki, guntayensa kan faɗa ciki su toshe rariyar mai, inji ya buga.

Ka wanke wurin tas, ya bushe. Ka ɗora bel daga ƙasa, gefen da ke ja ya zama a miƙe ba sako-sako, ka saki fulin ɗamewa. Yanzu ga wurin da ba a gaggawa: ka juya inji da hannu zagaye 2 cikakku, ta inda ya saba juyawa, ka sake duba alamomi. In ka ji ya cije, tsaya, kada ka tilasta. In alama ta kauce ko da haƙori ɗaya, zare ka sake. Sai sun zauna daidai za ka ɗaure. Notin karanshaf yana da awonsa, na Camry 108 ne a ma'aunin Nm, saboda haka a aro sifana mai awo.

Kuma don Allah a mayar da murfi. Yara masu koyon aiki sun iya jefar da shi wai yana ba su wahala. Motar da za ta ratsa yashi, ta shiga ruwan damina a fadamun kogin Jama'are, ba ta tafiya da bel tsirara. A ƙarshe ka rubuta kwanan wata da lambar agogo da fenti a jikin murfin.

Ga Wanda Ba Zai Yi Da Kansa Ba

Alhazai da malamai da ba sa taɓa sifana, ku ma kuna da aiki. Ku tsaya a kan motarku. Ku ce a nuna muku tsofaffin kayan da aka cire, ku tambaya ko an canza sil, ku ga an juya inji da hannu kafin a tayar. A yi aikin saura mako 2 a tafi, mota ta zaga gari a ga halinta, kada a bari sai daren tafiya.

In kuwa ƙaddara ta faɗa a hanya, mota ta mutu farat ɗaya, ka murɗa makulli ka ji inji yana juyawa da sauri fayau babu nauyi, to ka saki makullin. Ka tura ta gefe, ka sa alama, ka fitar da iyali nesa da kwalta, a nemi mai ja.

Iyayenmu na Azare da Katagum ku suke jira, ba tsarabarku kaɗai ba.  Mai tambaya ina nan har a tashi. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da ku lafiya.