Twita a Mota: A Ina Ya Kamata Ta Zauna?

Kamar kullum daga nan Kazaure nake magana da ku. Ina gaida direbobinmu na tasha masu lodin Kano da Daura, ina gaida 'yan'uwa na Roni da Gwiwa, da mutanen Babura da ke sauraronmu har can bakin iyaka.

Yau maganar twita za mu yi. Ba Twitter ta waya ba fa, wadda aka sauya wa suna zuwa X. Ina nufin 'yar ƙaramar sifikar nan mai kamar murfin kwalba, wadda kuke gani ana liƙawa a gaban mota.

Abin da ya jawo maganar, makon jiya wani dattijo ya shigo min da Golf ɗinsa. Mutumin Roni ne, ya daɗe yana lodin Kano. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna dashbod ya ce, "Ɗana, cire min waɗannan abubuwan. Kafin in kai Ɗambatta kaina ya fara sarawa." Na ce, "Baba, wa ya sa maka?" Ya ce yaronsa ne ya kai motar aka sa a Kano, wai don ya riƙa jin karatu da kyau, tunda ya yi ƙorafin muryar malam ba ta fita sosai idan mota na gudu. Yaron nan niyyarsa mai kyau ce, kuma abin da ya saya shi ne maganin matsalar. Aikin ne aka yi shi a birkice. Twita biyu, an manna su da gam kusa da juna a tsakiyar dashbod, ɗaya ta ƙone, ɗayar kuma tana kallon fuskar Baba kai tsaye kamar tocila.

To bari mu fara daga tushe. Sauti girgizar iska ne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 a daƙiƙa ɗaya har zuwa wajen sau 20,000, wato abin da ake rubutawa Hz a jikin kwali. Na ƙasa-ƙasa shi ne mai kauri, irin rugugin ganga da tambari. Na sama shi ne siriri, irin ƙarar kuge da kacau-kacau. Babbar sifikar ƙofa tana iya mai kaurin da na tsakiya, amma faifanta ya yi nauyin da ba zai iya rawa sau dubu goma sha a daƙiƙa yadda ya kamata ba. Shi ya sa aka yi twita, ƙarama mara nauyi, ta riƙe daga wajen 3,000 zuwa sama.

Wani zai ce, ni da ba kiɗa nake ji ba, me ya haɗa ni da ita? Ai kai ma ka fi buƙatarta. Ka faɗi waɗannan kalmomin a hankali: sara, shara, tsara. Bambancinsu duk a wannan 'yar iskar ta farkon kalma yake, kuma iskar nan yawancinta a sama take zaune. Haka sinun da shinun da sadun a bakin mai karatu. Idan siririn sautin bai iso kunnenka ba, za ka ji murya na tashi amma kalmomin sun cakuɗe, sai ka ƙara murɗa ƙara, ƙarar ta ƙaru, fahimtar ba ta ƙaru ba. Abin da ke damun Baba ke nan tun farko.

Ga dalilin da ya sa wurin zama ya zama komai. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Mai kauri na 100 Hz, tsawon zangonsa ɗaya ya kusa mita uku da rabi, wato ya kusa tsawon motar kanta, don haka yana zagaye kujera da ƙafa da buhun kaya ya cika ko'ina. Shi ya sa za ka jefa babbar sifika a but ka ji ta a gaba. Amma siriri na 10,000 Hz, zangonsa bai kai santimita uku da rabi ba. Wannan ba ya zagaye komai. Miƙewa yake kamar hasken fitila, in ya haɗu da soso ko riga ya nutse, in ya haɗu da gilashi ya dawo. Ka duba inda sifikar ƙofar motarka take: ƙasa, daidai ƙaurinka. A motar haya kuwa da ake zama mutum biyu a kujerar gaba, ga babbar riga, ga leda a ƙafa, siririn sautin ƙofar dama a gwiwar fasinja yake ƙarewa.

Saboda haka twita sama take so, kusa da tsayin kunne, ba abin da ya tare ta. Wurare uku ne aka saba. Akwai ɗan kusurwar nan mai baki uku da ke cikin ƙofa daidai bayan madubin gefe. Akwai ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa. Akwai kuma kusurwar dashbod ta can gefe. Ni na farkon na fi so, kuma zan faɗi dalili. Yana saman sifikar ƙofa, don haka murya ba ta rabewa biyu, rabi a ƙafa rabi a wani gari daban. Wayar ma a cikin ƙofar take, ba sai ka ja ta da nisa ba. Sannan robar wurin 'yar ƙarama ce, in ka ɓata ta wajen hudawa za ka samu wata a Ƙofar Ruwa ba tare da ka yi kuka ba.

Ginshiƙin gilashi ma yana ba da sauti mai kyau, amma a nan zan ja kunne sosai. Motoci da yawa na baya-bayan nan suna da jakar iskar nan ta kariya a naɗe tun daga rufi har ta gangaro ta wurin. In ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a jikin robar, ka bar wurin. Ranar da aka yi karo jakar nan fashewa take cikin ƙiftawar ido, twitar da ka ɗaure da sukurori a gabanta kuma jifa za ta zama a fuskar wanda ke zaune. Kuma duk wayar da ka gani da rawayan soket a mota, galibi ta wannan jakar ce. Ba a gwada ta da fitilar gwaji, ba a jona komai a kanta.

Dashbod kuwa, matsalarsa biyu. Ta farko gilashi: sautin na fita ya bugi gilashin gaba ya dawo ya haɗu da na asali, shi ne wannan kaifin mai yankan kunne. Ta biyu rana. Ku da kuka san Kazaure a watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce 40 a inuwa, balle baƙar roba a ƙarƙashin gilashi da azahar. Gam mai fuska biyun nan da ke zuwa a cikin kwali narkewa yake. Ka hau hanyar ƙauyukan Gwiwa mai gargada sau biyu, sai ka tarar da twita na lilo a jikin wayarta. In dole sai dashbod, to a kai ta can kusurwa, ɗaya hagu ɗaya dama, a ɗaure da sukuru, ba a tara su a tsakiya ba. Tara su a tsakiya kamar ka sayi takalmi biyu ne ka zura duka a ƙafa ɗaya.

Sai saiti, wato ina za ta kalla. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu yake. Ke nan twitar hagu tana kusa da kunnen direba, ta dama kuma nisanta ya kai ninki biyu ko kusa da haka. Kunne kuma wadda ta riga isowa kuma ta fi ƙarfi yake bi. In ka saita ta hagu ta kalli direba kai tsaye, ita kaɗai zai ji, kamar ana yi masa tsaki a kunne ɗaya tun daga Kazaure har Kano. Dabarar ita ce a gicciya su. Ta hagu ta kalli wajen kan fasinja, ta dama ta kalli wajen kan direba. Da yake siririn sauti ya fi ƙarfi a inda aka nufa shi, ta kusa da kai sai ta ɗan lafa tunda gefenta kake ji, ta nesa kuma ta ƙaru tunda kai take kallo. Sai ka ji muryar ta taso ta zauna a gabanka saman dashbod.

Kuma don Allah kar a huda komai sai an gwada. Ni salatif nake sawa in riƙe su na ɗan lokaci, da waya mai tsawo, in sa mai motar ya zauna a kujerarsa, a rufe ƙofofi, a kunna abin da ya saba ji. Ba abin da ni nake so ba, abin da shi ya saba ji. In juya kaɗan in tambaye shi, in sake juyawa. Minti goma ne. Rami kuwa in ka huda shi ya hudu.

Yanzu wadda ta ƙone, me ya kashe ta? Da na buɗe sai na ga an jona ta kai tsaye a wayar sifikar ƙofa, babu kafasita. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Zaren wayar da ke cikin twita siriri ne ƙwarai, in sauti mai kauri ya shige ta zafi yake yi ya tsinke. Kafasita ita ce mai gadin ƙofa, tana tare mai kauri ta bar siriri ya wuce. A kan wayar fulos ake sa ta, a jere, kafin twitar. Kuma mara fulos da mainos ake nema, za ka ga an rubuta NP ko BP a jikinta. Ga twita mai om 4, kafasita mai lamba 10 tana fara buɗe hanya daga wajen 4,000 Hz, mai 6.8 daga wajen 6,000, mai 4.7 daga wajen 8,500. In twitar mai araha ce, ka tsaya a 4.7 ko 6.8, ta fi samun tsawon rai. Wasu suna zuwa da tasu a ɓoye cikin 'yar baƙar roba a jikin waya, sai yaro ya ga wayar ta yi tsawo ya datse ya yar. In kuma saiti ka saya mai ɗan akwatinsa na raba sauti, to ka bi rubutun jikinsa, ka bar ƙirƙira.

Fulos da mainos su daidaita a ɓangarorin biyu. In ka juya ɗaya, ba abin da zai ƙone, amma muryar za ta watse ka rasa daga ina take fitowa. Sannan ga wanda ni kaina na taɓa yi ina yaron shago. Na ga wayar mainos ta gaza, na ce ai mainos duk mainos ne, na ɗaure ta a jikin bodi. Rediyoyin mota na yanzu wayoyin sifikarsu duka biyun suna ɗauke da wuta, ba a haɗa ko ɗaya da ƙarfen mota. Ina kunnawa na ji ƙauri. Ogana bai ce min komai ba, kuɗin sati biyu kawai ya riƙe, kuma gaskiyarsa. Tun daga ranar nake cire kan batir na mainos kafin in taɓa waya, kuma da dalma nake jona, ba murɗawa da haƙori ba.

Wajen saye, kar lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga abu kamar ƙwallon goro an rubuta masa wat 500. Rediyon motar da aka rubuta wa 50 sau huɗu ma, ainihin abin da yake bayarwa a tsaye bai fi wajen wat 20 a kowace sifika ba. Abin dubawa shi ne da me aka yi kan twitar. Mai kan yadi, irin siliki, sautinta da laushi, ita nake ba wanda zai wuni a mota. Mai kan ƙarfe ta fi kaifi, samari na sonta. Akwai kuma ta roba mai arha ɗin nan da ake sa wa sifikun biki, wannan a fili aka yi ta yi aiki, ba a cikin Golf mai rufaffen gilashi ba.

Sannan twita ba ta ƙirƙiro abin da babu. Tashar gajeren zango ko matsakaicin zango sautinta bai cika wuce 5,000 Hz ba, don haka abin da twita za ta ƙara maka a nan shuuu ne kawai. FM tana kaiwa 15,000, a nan za ka ji bambanci. Karatun da aka naɗa da waya a bayan masallaci, aka tura ta WhatsApp hannu goma kafin ya shiga memorinka, twita tona asirinsa za ta yi.

Maganar kunne kuma ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, in ƙarar ta haura lokacin raguwa yake da sauri. Direban haya ya fi awa 40 a mota a mako, ga injin, ga iska ta taga. Kuma siririn sauti shi ne farkon abin da kunne ke rasawa, in ya tafi ba ya dawowa. In ka sauka daga mota kunnenka na yin ƙara shi kaɗai, to ka wuce gona da iri, ka rage. Balle kana buƙatar jin hon na bayanka da ɗan acaɓan da ya fito daga lungu.

Shi Baba ban cire masa ba. Na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya. Na sauya wadda ta ƙone, na sa wa kowacce kafasita 6.8, na mayar da su bayan madubi, na gicciya su, na rage siririn sauti a rediyon da yaron ya ƙure shi. Ya zauna ya kunna karatunsa, ƙarar ma ƙasa da rabin inda ya saba kaiwa. Ya yi shiru can, sai ya ce, "Ashe malamin nan ba mura yake ba." Tabon gam ɗin dai yana nan a dashbod, na goge da kananzir bai fita duka ba.

Wani ɗan'uwa daga Babura ya aiko da tambaya a kan kukan da ke bin totur, wanda in ka taka mai sai ka ji wiii a sifika. Wannan maganar altaneta ce da wayar as, ita za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A tuƙa a hankali.