Roosevelt, Taft da Alƙalamin Ida Tarbell



A watan Janairun 1903 mujallar McClure's ta fito da rahotanni uku da suka girgiza Amurka. Lincoln Steffens ya fallasa cin hanci a birnin Minneapolis, Ray Stannard Baker ya yi rubutu kan yajin aikin masu haƙar kwal, Ida Tarbell kuma ta ci gaba da tona asirin Standard Oil, kamfanin Rockefeller.

Mu ɗan tsaya kan wannan baiwar Allah. A yankin man fetur na Pennsylvania ta tashi, ta ga yadda haɗin bakin Rockefeller da kamfanonin jirgin ƙasa ya durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa, ciki har da mahaifinta. Tana da dalilin yin zagi, amma sai ta duƙufa kan takardun kotu da bayanan kwamitocin bincike, shekara da shekaru, har ta nuna yadda ake ba Rockefeller rangwamen kuɗin dako a asirce, abokan gasarsa kuwa ana tsawwala musu.

Shugaba Theodore Roosevelt ya san amfanin irin waɗannan marubuta. Yana gayyatarsu fadarsa, yana jin ta bakinsu, fushin da suka tayar kuma ya zame masa makami a majalisa. Bayan littafin Upton Sinclair kan ƙazantar mayankan Chicago, an kafa dokar duba nama da ta tsabtar abinci da magunguna a 1906. Sai dai a shekarar ce ya fito fili ya kira wasunsu masu tonon shara. Wannan kam bai kyauta ba.

Amininsa William Howard Taft mutum ne na shari'a, ba ya son hayaniya, bai kuma iya zama da 'yan jarida ba. Roosevelt ya naɗa shi sakataren yaƙi a 1904, ya tsaya masa har ya gaje shi a 1909. Daga nan zumunci ya fara tsami. Taft ya sallami Gifford Pinchot, shugaban hukumar gandun daji kuma na hannun daman Roosevelt, a 1910. A 1911 gwamnatinsa ta maka kamfanin U.S. Steel a kotu, takardar ƙarar kuma ta taɓo wani ciniki da Roosevelt ya amince da shi a 1907. Taft na ganin doka yake bi, Roosevelt na ganin an ci amanarsa.

A zaɓen 1912 suka raba jam'iyyar Republican gida biyu. Woodrow Wilson na jam'iyyar adawa ya sami ƙuri'un wakilai 435, Roosevelt 88, Taft 8. Sai a 1918 Roosevelt da Taft suka shirya, watanni kaɗan kafin rasuwar Roosevelt.

Ana tsakiyar wannan rigima, a 1911, Kotun Ƙoli ta raba Standard Oil zuwa kamfanoni 34. Gwamnatin Roosevelt ta shigar da ƙarar, ta Taft ta kai ta ƙarshe, aikin Tarbell ne ya share musu hanya. Ku da ke shirin shiga aikin jarida, kada ku jingina bincikenku da abotar shugaba. Ku nemo takarda, ku tantance ta, sannan ku buga.