Iccen Nowel da Gobara: Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiya

 

Hunturu ya shigo, iska na kaɗawa, kome ya bushe. A wannan lokaci ne maƙwabtanmu Kirista ke sallar Nowel, wasunsu kuma sukan kafa icce na ado cikin ɗaki. An tambaye ni, wane ya fi, ɗanyen icce ko na roba? Ga abin da na sani.

Al'adar daga ƙasar Jamus ta fito. Can suna sare wani icce mai ganye kamar allura, su shigo da shi ɗaki. Da farko kyandir suke kunnawa bisa rassansa. Sai a 1882, a birnin New York, Edward Johnson, abokin aikin Edison, ya fara sa masa ƙananan fitilun lantarki.

Iccen nan yana da ƙaro. Muddin gindinsa na cikin ruwa, wuta ba ta saurin kama shi. Amma in ya bushe, kafin ka ɗauko bokiti ya cinye ɗaki. Ran 5 ga Janairu 2022, a birnin Philadelphia na Amurka, wuta ta tashi daga irin wannan icce, mutum 12 suka rasu, 9 daga cikinsu yara.

Na roba, wanda ake kawowa daga Sin, shi ne ake gani a kantunan Yamai. Ba ya bushewa, ba ya son ruwa, yakan yi shekaru. Amma kada ku ce ba ya ƙuna. Narkewa yake, yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi ne mai guba. A gobara, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa.

Saboda haka, a iskar nan tamu da ke busar da reshe cikin ƴan kwanaki, na roba ya fi sauƙin tsaro. Amma ko wane ka zaɓa, kiyaye abu huɗu:

Na ɗaya, nisanta shi da murhu, fitila da labule, kada ya tare ƙofa.
Na biyu, duba waya. In ta zare ko tana zafi, jefar da ita.
Na uku, kashe fitilun kafin ka kwanta ko ka fita.
Na huɗu, ɓoye ashana daga yara.

In wuta ta kama, fidda mutane tukuna. Yanke lantarki kafin ka zuba ruwa, ko ka watsa rairayi. Mutanen birni su kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Wanda ba ya kafa icce kada ya ce babu ruwansa. Zana da rumbu da karan dawa duk ɗaya suke da busasshen iccen nan. Ba mu manta da azuzuwan zana da suka ƙone a Maradi a 2021 ba, inda yara fiye da 20 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mu.